Ranar da Na Ɗage wa Surukina Riga

Ranakun aiki da yawa sun wuce sun ɓace min, amma ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka kawo min surukina in gwada shi a kan sirdi ba. Ku da kuka zo kwanan nan kuna yawan tambayata abin da ya fi wuya a aikin nan, kuna zaton zan ce harbin doki ko zafin watan Agusta. Harbi na sha shi, zafi kuwa kowa na sha. Ni abin da ya fi ba ni wuya kunya ce, kuma har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ina shekarata ta biyar a Doha, a wannan bargar tamu ta hanyar Shahaniya. Na fara da kwasar kashi da wankin dawaki kamar kowa, daga nan aka mayar da ni ɗakin sirdi, har aka tura ni kwas na koyo gwajin sirdi. Shugaban barga a lokacin wani Basudane ne mai suna Tayyib, mutumin kirki mai babbar murya, wanda bai san ana sakaya magana ba. Dokar wurin kuwa ita ce wadda kuka tarar: sabon sirdi ba ya hawa bayan doki a fita da shi sai mai gwaji ya duba ya amince. In doki ya yi gyambo ko mahayi ya faɗi saboda sirdi, mai gwaji ake kira ofis, ba mai doki ba.

Ga wanda bai san aikin ba, sirdin da muke kira na kaboyi, irin na makiyayan shanun Amurka, ya bambanta da sauran. Yana da nauyi, yana da ƙaho a gaba, bayansa a tashe yake, kuma a cikinsa akwai itace wanda ba ya lanƙwasuwa. In itacen bai dace da bayan doki ba, ko katifa nawa ka shimfiɗa a ƙarƙashi ba za ta gyara shi ba. Gwajin hawa biyu ne. Da farko kana ɗora sirdin a bayan doki ba katifa, ka zura hannu ka bi ƙarƙashinsa ka ji ko akwai inda ya matse, ka tabbatar yatsu biyu ko uku suna shiga tsakaninsa da tudun kafaɗar doki, ka ga bai yi tsawon da zai danna kwankwaso ba. Na biyu sai mahayin da kansa ya hau ya zauna, don nauyin mutum yana sauya komai. A nan za ka sake duba kafaɗar, sannan ka sa yatsunka tsakanin cinyar mahayi da gaban sirdin, ka kuma sa tafin hannu tsakanin mazaunansa da bayan sirdin. In ba wuri, mazaunin ya yi masa kaɗan, nauyinsa duk zai koma baya ya sauka a kan ƙugun doki. Na yi wa Larabawa da Turawa da Indiyawa wannan ba adadi, ban taɓa jin komai ba.

To, yayan matata, Yaya Kabiru, injiniya ne a wani kamfanin gas, yana zaune da iyalinsa a unguwar Old Airport. Shi ya samo min aikin nan tun farko. Yana da wata goɗiya a bargarmu, Najma, ƙarama mai gajeren baya irin na dawakin Larabawa, ga ta da saurin tsorata. Da kamfani ya tura shi Amurka, sai ya sayo sirdin kaboyi na gani na faɗa, fatar an yi mata zane, an ƙawata ta da azurfa. Ba don kansa ya saya ba, don mahaifinsu ya saya. Baba ɗan kasuwar hatsi ne a Malumfashi, bai taɓa rabuwa da doki a turke ba, kuma tun yana saurayi yake ganin irin sirdin nan a sinima yana sha'awa. Ciwon gwiwa ya raba shi da hawa sama da shekara, shi ne Yaya Kabiru ya kawo shi Doha aka yi masa aiki. Da ya warware, likita ya ce zai iya hawa a hankali.

Ni kuwa tun da na auri 'yarsa, magana tsakanina da Baba ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, in na hango shi a layi sai in sauya hanya. Ko zuwan nan da ya yi, sau ɗaya na shiga mota daga unguwarmu ta Fereej Abdel Aziz na je na gaishe shi, na durƙusa a bakin ƙofar falo, aka kawo abinci na ce na ƙoshi alhali ko karyawa ban yi ba. Haka aka tashe mu, kuma ban taɓa ganin laifin hakan ba.

Ranar Alhamis Yaya Kabiru ya kira ni a waya. Ya ce, "Sa'idu, jibi zan kawo Baba ya hau Najma da sabon sirdin nan. Ni ban san kan abin ba, kai za ka duba mana." Na ce to, Allah ya kai mu. Ina ajiye wayar na tafi wajen Tayyib na ce ranar Asabar cikina zai yi ciwo. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce ɗayan mai gwajin ya tafi hutu, kuma shi bai taɓa jin mutumin da ya san ranar da cikinsa zai yi ciwo ba.

Suka zo da hantsi, cikin watan Janairu, gari da ɗan sanyi. Baba ya fito daga mota cikin babbar riga fara sol mai aiki, ya sha hula, yana dogara sanda. Jikokinsa biyu na biye da shi, kowacce da waya a hannu, don an yi alkawarin za a tura wa mutanen gida hoton Alhaji a kan sirdin kaboyi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon wani wuri, kamar yadda ya saba, shi ma yana taya ni kunyar.

Na fito da Najma na ɗaure ta, na ɗora sirdin ba katifa. A raina ina addu'ar ɗayan biyu: ko ya zauna daram in huta, ko ya ƙi zama ƙiri-ƙiri yadda kowa zai gani da idonsa ba sai na yi magana ba. Sai ya ƙi yin ko ɗaya. Yatsu biyu sun shiga a kafaɗa da ƙyar, bayan sirdin kuma ya kusa kai wa kwankwaso amma bai kai ba. Irin wannan ba ka iya yanke masa hukunci sai mahayi ya zauna. Na shimfiɗa katifa, na mayar da sirdin, na ja majayin gaba sannan na baya, ina yi ina jan lokaci. Tayyib na tsaye ya harɗe hannu, ya ce, "Yalla, Sa'idu, hajji ya hau."

Muka kawo matakalar hawa. Baba ya miƙa wa ɗansa sanda, ya yi bisimilla, ya hau. In faɗi gaskiya, yadda ya zauna ka san mahayi ne. Fuskarsa ta washe, ya dafa ƙahon sirdin yana shafawa, yaran suka fara ɗaukar hoto. Amma goɗiyar ta kwantar da kunnuwa, ta lotsa bayanta, tana kaɗa jela ba ƙuda a wurin. Na zura hannu ta gaba, yatsa ɗaya ma ya ƙi shiga. Itacen ya sauka ya zauna a kan ƙashin kafaɗarta.

Saura duba mazaunin, kuma a nan ne abin ya tsaya min. Babbar rigar Baba ta baje ta rufe sirdin gaba ɗaya har zuwa cinyar goɗiyar. Ba abin da ake gani. In dai zan duba, sai na kama gefen rigar surukina na ɗage, na sa hannu a cinyarsa, na zagaya na sa a bayansa. Na tsaya riƙe da linzami. Na yi tunanin in ce kawai ya yi, a zagaya da shi sau ɗaya ina riƙe da ita, kowa ya tafi gida da farin ciki. Amma na san Najma. In abu ya soke ta a kafaɗa tana iya zabura ba sallama, kuma mutumin da ke kanta gwiwarsa ko wata uku ba ta yi da ɗinki ba.

Tayyib ya ce da Larabci, "Me kake jira?"

Na runtse ido na kama rigar na ɗage. Baba ya ɗan zabura, sai kuma ya kafe idonsa a kan kunnuwan goɗiyar. Na sa yatsu a gaban cinyarsa, ba wuri. Na zagaya baya na sa hannu, nan ma ba wuri, har ya ɗan hau kan bayan sirdin. Baba mutum ne mai jiki, sirdin kuwa an ɗinka shi ne don wani siririn mutum. Na saki rigar na ja da baya, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu sai faɗa. Na ja Yaya Kabiru gefe na raɗa masa cewa sirdin ya danne goɗiyar, kuma mazaunin ya yi wa Baba kaɗan, don Allah ya san yadda zai gaya masa. Ya zaro ido. Shi ne ɗan fari, tsakaninsa da Baba akwai tasu kunyar, ko sunansa Baba ba ya kira. Ya ce, "Ni? In ce wa Baba me ya yi kaɗan? Rufa min asiri, Sa'idu, wannan aikinka ne." Ya ciro waya ya shiga dannawa kamar an kira shi daga ofis.

Da na rasa mafita sai na yi dabarar da ta fi komai muni. Na je wajen Tayyib na yi masa bayani da Larabci a hankali, ina fatan shi da yake baƙo kuma shugaba zai ce kawai dokar barga ta hana. Tayyib ya gyaɗa kai, ya taka har gaban goɗiyar, ya ɗaga murya da Turanci yadda har masu wankin dawaki suka juyo. Da ya ga Baba ba ya jin Turanci, sai ya nuna ni da yatsa, ya nuna sirdin ya haɗe tafukansa kusa da juna, sannan ya nuna Baba ya ware hannuwansa iya faɗinsu, ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Ba wanda ya buƙaci tafinta. Ƙaramar jikar ta fashe da dariya, yayarta ta toshe mata baki.

Baba ya ce, "Me ya ce?"

Yaya Kabiru ya ƙara sunkuyawa a kan wayarsa.

Baba ya ce, "Malam Sa'idu, kai nake tambaya. Na ga kai ya nuna."

Wannan ne karo na farko da ya yi min tambayar da ba ta gaisuwa ba. Jikina ya yi abin da ya saba, na zube na durƙusa a inda nake, dab da ƙafafun Najma. Kun san dokar farko da ake koya muku a nan: ba a durƙusawa kusa da ƙafar doki. Tayyib ya daka min tsawa ya fizgo ni ta wuyan riga ya tsayar da ni. Ga ni tsaye ƙiƙam a gaban surukina. Na yi magana kaina a ƙasa, Baba ya ce bai ji ba. Dole na ɗaga kai, kuma da yake yana kan doki, ɗaga kan nan ya haɗa idona da nasa.

Na ce, "Baba, sirdin ya yi maka kaɗan. Ita kuma goɗiyar ya yi mata yawa, ya zauna mata a kan ƙashi."

Ya shafa ƙahon. Can ya ce, da wata murya ƙasa-ƙasa da ban san yana da ita ba, "Ko zagaye ɗaya? Kana riƙe da ita. Yaran nan su ɗauka, shi ke nan in sauka."

Da ya yi min faɗa da ya fi min sauƙi. Roƙona yake yi, mutumin da ya ba ni 'yarsa bai tambaye ni ko ina da gida ba. Na dubi kunnuwan Najma, har lokacin a kwance suke. Na ce, "A'a, Baba. Ba zai yiwu ba."

Ban san yadda kalmar ta fita daga bakina ba. Ya kalle ni, sannan ya ce, "To." Ya yunƙura zai sauka, a nan kuma wata sabuwa ta taso. Gwiwar da aka yi wa aiki ta ƙi ɗaguwa ta tsallake bayan sirdin, rigar kuma ta sarƙe a ƙaho. Ya yi ta kokawa, goɗiyar ta fara taka rawa. Tayyib ya riƙe kanta, ni kuwa ban tsaya tunani ba, na hau matakalar na rungumo Baba ta ƙugu, na zare rigar, na ɗago ƙafar da hannuna na sauko da shi a ƙirjina kamar yadda ake sauko da yaro daga kan jaki. Na ji numfashinsa a kunnena, na ji jikinsa na rawa. A nan na gane ba ni kaɗai nake jin kunya a wurin ba, tasa ta ma fi tawa.

Kafin in sake shi ya ce a hankali, yadda ni kaɗai na ji, "Abin da ya faru a nan ba sai ya kai gida ba."

Na ce, "Insha Allahu, Baba."

Tayyib, da ya fara fahimtar ya yi ɓarna, ya ce a fito da wani babban doki mai tsohon sirdi mai faɗi, hajji ya hau. Baba ya ce a yi masa godiya, ya isa haka. Ya karɓi sandarsa ya nufi mota, Yaya Kabiru ya saɓi sirdin ya bi shi. Mako guda bayan nan Baba ya koma Najeriya bai hau doki a Doha ba. Ban je rakiya filin jirgi ba, na ce aiki ya riƙe ni.

Na cika alkawari. Ko matata ban gaya wa ba. Duk lokacin da muka yi waya sai in kasa kunne in ji ko muryarta ta sauya, ko za ta ce Baba ya ce wani abu. Ba ta taɓa cewa komai ba, shirun nan kuma ya fi damuna. Na riƙa raya wa kaina cewa na zama surukin da ya tozarta dattijo a gaban jikokinsa da baƙi, kuma abin da zai riƙa tunawa da ni ke nan har ya bar duniya.

Sai bayan kusan shekara na samu hutu na je gida. Kwana biyu ina jan ƙafa, a na uku matata ta ce in ba zan je gaida Baba ba in faɗa mata dalili. Na tafi bayan la'asar, na tarar da shi a ƙofar gida kan tabarma da abokansa dattawa. Na cire takalmi tun daga nesa na durƙusa. Ban gama gaisuwa ba wani tsoho mai carbi ya leƙo fuskata ya ce, "Alhaji, wannan ne ya ɗage maka riga a ƙasar Larabawa?"

Majalisar ta kwashe da dariya. Wani ya ware hannuwansa iya faɗinsu, daidai yadda Tayyib ya yi. Ashe ni ina can ina dakon sirri, Baba ya ba duk wanda ya zo yi masa sannu da zuwa labarin, har da kwaikwayon muryata. Na sunkuyar da kai ina fatan in ɓace.

Baba ya bari suka gama, sannan ya ce a fito da doki. Aka fito da wani ƙaton bidi mai dogon baya, aka kuma fito da sirdin, yana nan sabo, ko ƙura an hana ta taɓa shi. Ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Tun da na dawo da shi ban bari an ɗora shi ba. Na ce sai mai gwajin ya zo. Tuwon dare ma na bar shi tun watan da na dawo. Tashi ka duba."

Sai a lokacin na lura rigar ta yi masa yawa. Na tashi na yi aikin kamar yadda aka koya min, ba katifa tukuna, sannan da katifa. Bayan bidin ya karɓi itacen kamar don shi aka sassaƙa. Baba ya hau, kuma kafin in kai hannu ya tattare rigarsa da kansa ya ɗora a kafaɗa, a gaban abokansa da duk wanda ke wucewa a layin. Na sa yatsu a kafaɗar doki, suka shiga. Na sa a gaban cinyarsa, suka shiga da ƙyar. Na zagaya baya na sa tafin hannu, na tsaya na tabbatar, don na san in na yi masa kara zai gane. Na ce, "Ya yi, Baba." Ya saki rigar, ya ja linzami, ya tafi a hankali har ƙarshen layi, bai waiwayo ba.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, a aikinmu doki ba ya iya cewa ga inda ke masa ciwo, mahayi kuma ba ya ganin ƙarƙashinsa, saboda haka duk abin da ka ji nauyin faɗa, ɗayansu ne zai biya da jikinsa. Ban ce ku yar da kunya ba, ni ma ban yar ba. Amma in magana ta zama dole, ku faɗe ta da bakinku, a hankali, kada ku aiki wani ya faɗa muku, don ɗan aike ba ya jin nauyin da kuke ji. Har yau ba na cin abinci a gaban Baba, kuma in na hango shi a layi ina sauya hanya. Shi kuwa duk wanda ya sayi sirdi a garin, sai ya ce masa ya ajiye shi tukuna, surukinsa na nan zuwa hutu.